Wai don mace Ingila ta rabu da Fafaroma, ko akwai wata a ƙasa?

Ɗan_Gwale:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Jiya da daddare ƙanwata ta zo min da tambayar da aka ba su a makaranta: yaya aka yi sarkin Ingila ya zama shugaban coci, amma ko kwabo ba zai iya ɗora wa mutane na haraji ba sai majalisa ta yarda? Na ce mata ai labarin gajere ne. Sarki Henry na Takwas ya so rabuwa da matarsa ya auri wata, Fafaroma ya hana, shi kuwa ya yi zuciya ya kafa cocinsa. Ta ce, to Yaya, ina majalisa ta shigo? Nan na kama sosa ƙeya. Ni dai har yanzu ina kan bakana, rigimar mace ce aka naɗa mata rawani. Masu ilimi a warware mana.

UwarBiyu:
Wa alaikumus salam. Kullum dai mace, ko? Namiji ya yi aure shida, ya fille kan biyu daga cikin matan, amma laifin na mace ne. Allah ya shirye ku.

MaiAlli:
Ɗan Gwale, ka kama wutsiya ka bar kai. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da wannan darasi, kuma kowace shekara sai yara sun zo min da irin amsarka. Na farko, ba saki Henry ya nema ba, don a Katolika babu saki. Cewa ya yi tun asali auren bai ɗauru ba, saboda Catherine matar wansa Arthur ce kafin ya rasu a 1502. Na biyu, magaji yake nema. 'Ya mace ɗaya ce ta rayu a cikin 'ya'yan da Catherine ta haifa masa, kuma ubansa da takobi ya karɓi sarauta a 1485 bayan dogon yaƙin basasa. Tsoronsa kada ya mutu gidan ya watse.

Fafaroma Clement na Bakwai ma ba don tsantsar tsoron Allah ya ƙi ba. A 1527 sojojin Sarki Charles na Biyar, mai mulkin Sifaniya da ƙasashen Jamus, sun afka wa birnin Roma sun wawashe shi, Fafaroma ya zama kamar ɗan fursuna a hannunsu. Catherine kuwa ƙanwar mahaifiyar wannan Charles ce. Ka ga ta ina za a ce masa an warware auren innarka?

Ɗan_Gwale:
Allah ya gafarta Malam, na ji. Amma har yanzu ba ka fitar da ni daga gidan aure ba. Ina majalisar?

MaiAlli:
Ga ta nan zuwa, kai dai ka cika gaggawa. Henry bai tashi da safe ya yi shela cewa ya bar Roma ba. Majalisa ya kira a 1529, ta yi ta zama ana tashi har 1536, kuma kowane mataki da doka aka ɗauke shi. A 1533 aka yi dokar da ta hana ɗaukaka ƙara zuwa Roma, don kada Catherine ta kai kuka can. A 1534 aka yi wadda ta ce sarki ne shugaban cocin Ingila a doron ƙasa. Wanda ya ƙi rantsuwa a kan wannan ya ga ta kansa, irin su Thomas More da Bishop John Fisher da aka fille wa kai a 1535. To abin lura, a ganin Henry Allah ne ya ba shi wannan iko, majalisa shaida kawai ta yi. Amma abin da doka ta ƙulla, ai doka ce za ta kwance shi. Ya ari hannun majalisa don ya yaƙi Fafaroma, bai san ya koya mata hanyar ɗakin ba.

Lauya_Ƙarami:
Wannan jimla ta ƙarshe ita ce dukan shari'ar. Ku dubi abin da ya biyo baya. Edward na Shida, ɗan Henry, ya hau a 1547, aka ƙara karkata zuwa Furotesta, wato Kiristocin da suka ɓalle daga Katolika, da dokar majalisa. Mary, 'yar Catherine, ta hau a 1553, ta mayar da ƙasar hannun Fafaroma, da dokar majalisa. Ƙanwarta Elizabeth ta hau a 1558, shekara na zagayowa aka sake ficewa, da dokar majalisa. Cikin shekara ashirin da biyar an juya addinin ƙasa sau huɗu, kuma ba wanda ya iya yi ba tare da ya bi ta zauren nan ba.

Baban_Hanifa:
Ku duk kuna ta doka da aƙida, ni ɗan kasuwa ne, ku bi sawun kuɗi. Daga 1536 zuwa 1540 Henry da wazirinsa Thomas Cromwell sun rufe gidajen masu zuhudu na Kirista wajen 800, suka kwashe gonaki da azurfa har da darmar rufin ɗaki. Da Henry ya riƙe filayen nan, da jikokinsa ba su roƙi kowa kuɗi ba. Sai ya sayar da mafi yawansu don yaƙi da Faransa da Sikotilan. Su wa suka saya? Masu hali na karkara, waɗanda su ne ke cika majalisar wakilai. Shi ya sa ko da Mary ta dawo da Katolika a 1554, 'yan majalisa suka ce Fafaroma mun yarda, amma gona ba ta komawa. Kuma haka aka yi.

Hajjo_Leeds:
Baban Hanifa ka tuna min. Lokacin da nake karatu a nan an kai mu Fountains Abbey a Yorkshire. Bango tsaye, dogo kamar me, ba rufi, ciyawa ta cinye tsakar ɗakin ibada, mutane na shimfiɗa tabarma suna cin abinci. Jikina ya yi sanyi wallahi. Mai yi mana bayani ta ce mutanen arewacin Ingila ba su yarda da rufe gidajen nan cikin daɗi ba, sun yi bore a 1536, dubban mutane, don nan ne matalauci da matafiyi ke samun abinci da makwanci. Henry ya lallashe su da alkawari, da suka watse ya rataye shugabanninsu.

UwarBiyu:
Ka ji ko, Ɗan Gwale? Har da darmar rufi. Ita ma macen ce ta ce a kwashe?

Ɗan_Gwale:
Hajiya a yi haƙuri, na janye rabi. Rabi kawai.

Bulus_Wusasa:
Salama gare ku. Ni ɗan cocin Angilika ne, kakana ma haka, don haka bari in sa baki. Yana mana ciwo idan aka ce cocinmu daga rigimar aure ta fito. Henry bai zama Furotesta ba har ya mutu. Shi ne ma ya rubuta littafin raddi ga Martin Luther, jagoran Furotesta, Fafaroma Leo na Goma ya ba shi laƙabin mai kare addini a 1521, laƙabin da sarakunan Ingila ke riƙe da shi har gobe. Abin da ya sa cocin ta zama abin da take shi ne aikin mutane irin su Akbishop Thomas Cranmer, wanda ya tsara littafin addu'a da Turanci a 1549 don talaka ya ji abin da ake faɗa maimakon Latin. Wannan mutum ƙona shi aka yi da ransa a Oxford a 1556, cikin mutum kusan 280 da aka ƙona zamanin Mary. Ba wanda zai shiga wuta don auren wani. Akwai waɗanda da gaske suka yi imani, ta kowane ɓangare.

Baban_Hanifa:
Malam Bulus, ban musa ba. Masu imani sun shiga wuta, masu wayo sun shiga gona.

Bulus_Wusasa:
To wannan kam ba zan ja da kai ba. Ƙarin bayani kuma, don na ga ana yawan ruɗewa: sarkin Ingila ba shi da iko a kan cocin Angilika ta Najeriya. Tun 1979 take cin gashin kanta. Shugabancinsa a Ingila ya tsaya, ko Sikotilan bai kai ba.

Lauya_Ƙarami:
Akwai wani abu a 1559 da ya kamata ƙanwar Ɗan Gwale ta rubuta. Lokacin da aka kawo dokar Elizabeth ta tsarin ibada gaban majalisar iyayen ƙasa, duk bishop ɗin da ke zaune a wurin ya ƙi ta. Ta wuce da ratar ƙuri'a uku kacal. Ma'ana, waɗanda ba limamai ba ne suka yanke wa limamai yadda za a yi ibada. Dokar ta kuma sa tarar sule ɗaya ga duk wanda bai je coci ran Lahadi ba. Ita Elizabeth ta ƙi laƙabin shugabar coci, ta karɓi na mai kula da ita, saboda masu cewa mace ba ta shugabantar coci. Amma bayan nan ta hana majalisa sake taɓa maganar addini, ta ce hurumin sarauta ne. Nan aka binne rigimar da ta tashi daga baya.

Zango_Kumasi:
Ni ban gane ba. In sarki ne shugaban coci, kuma majalisa ta yarda, me kuma ya kawo yaƙin basasar da na ji an yi daga baya, har aka kashe sarki?

MaiAlli:
Ɗan'uwa na Kumasi, tambayar ita ce wace irin coci. Akwai 'yan Furitan, masu ganin gyaran bai kai ba, har yanzu da warin Roma a jikin cocin. Suna son a kawar da bishop-bishop, jama'a su zaɓi dattawansu kamar yadda ake yi a Sikotilan. Da suka kawo wa Sarki James na Ɗaya wannan magana a taron Hampton Court a 1604, ya ce musu in ba bishop, ba sarki. Ya gane abin sarai. Shi ke naɗa bishop, bishop ke kula da limamai, limami ke hawa mumbari kowace Lahadi a kowane ƙauye. Babu rediyo, babu jarida, mumbarin nan shi ne bakin gwamnati. Wanda ya riƙe shi ya riƙe kunnen talaka.

Ɗansa Charles na Ɗaya shi ya ɓata rawarsa da tsalle. Ya auri 'yar Katolika daga Faransa, ya sallami majalisa a 1629, ya yi shekara goma sha ɗaya bai kira ta ba. Ya ɗora William Laud a kujerar Akbishop na Canterbury a 1633, shi kuma ya shiga dawo da ado da al'adun ibada da 'yan Furitan ke gani kamar Katolika ce ta shigo ta ƙofar baya.

Baban_Hanifa:
Malam ka tsallake kuɗi kuma. Da me ya yi mulki shekara goma sha ɗaya? Tsofaffin haraji ya tono. Akwai kuɗin jirgi, wanda a da garuruwan bakin teku kaɗai ke biya lokacin yaƙi. Ya shimfiɗa shi a kan kowa, har wanda bai taɓa ganin teku ba. Wani mai hali, John Hampden, ya ƙi biyan sule ashirin, aka kai shi kotu. Sarki ya ci shari'ar, amma alƙalai bakwai ne suka goyi bayansa, biyar suka ƙi. Irin nasarar da gara ba a yi ta ba.

MaiAlli:
Ban tsallake ba, ina zuwa ne ta hanyar Sikotilan. A 1637 Charles da Laud suka tura wa mutanen can sabon littafin addu'a ba tare da shawara da majalisar ƙasarsu ko babban taron cocinsu ba. Ranar da aka fara karanta shi a cocin St Giles ta Edinburgh aka yi hargitsi, ana ba da labarin wata mata da ta jefi limamin da kujerar zamanta. A 1638 suka rattaba hannu kan alkawarin kare addininsu, suka kori bishop-bishop, suka tara runduna. Charles ba kuɗin yaƙi. Ya kira majalisa a Afrilun 1640, suka ce sai an saurari kokensu tukuna, ya kore su bayan mako uku. Sojojin Sikotilan suka shigo suka kama Newcastle, suka ce sai a riƙa biyansu fam 850 kullum. Dole ya sake kiran majalisa a Nuwamba, kuma wannan karon ba ta koru ba. To ka gani, Baban Hanifa, littafin addu'a ne ya jawo yaƙi, yaƙi ya jawo neman kuɗi, neman kuɗi ya dawo da majalisa. Ba za ka iya raba su ba.

UwarBiyu:
Yawwa, wannan matar mai kujera ita ce tawa. In za a ɗora wa mace laifi, a ɗora wa wannan, ta yi abin kai.

Hajjo_Leeds:
Haha. Wani abu da nake gani a talabijin duk lokacin buɗe majalisa: ana aiko manzon sarki ya kira 'yan majalisar wakilai, sai su rufe masa ƙofa a fuska, sai ya ƙwanƙwasa sau uku. An ce min yana da alaƙa da wannan Charles.

Lauya_Ƙarami:
Haka ake danganta shi, Anti. Ran 4 ga Janairun 1642 Charles ya shiga zauren wakilai da kansa, da dakaru a bakin ƙofa, don ya kama mutum biyar. An riga an tsegunta musu, sun sulale ta kogi. Ya tambayi kakakin majalisa, William Lenthall, ina suke. Mutumin ya durƙusa ya ce ba shi da idon gani ko harshen magana a wannan wuri sai yadda majalisa ta umarce shi. Tun daga ranar ba sarkin da ya sake taka zauren yana zama. Wata bakwai bayan haka yaƙi ya ɓarke. Laud aka fille masa kai a 1645, Charles kuma ran 30 ga Janairun 1649.

Amma kada a ce majalisa ce ta kashe shi haka kawai. Sojoji ne suka tsaya a ƙofa a Disambar 1648 suka hana duk ɗan majalisar da ke son sulhu shiga. Ragowar ne suka kafa kotun, mutum 59 suka sa hannu a takardar kisa.

Ɗan_Gwale:
Wato juyin mulki ne da rigar majalisa.

Lauya_Ƙarami:
Kusan haka. Kuma shi Oliver Cromwell, jagoran sojojin, a 1653 ya shigo da bindigogi ya kori ragowar ma, ya sa aka ɗauke sandar majalisa yana yi mata ba'a. An sayar da kare an sayi biri.

Zango_Kumasi:
Sandar majalisa? Irin wadda ake kokawa a kanta a majalisun Najeriya? Na ga bidiyon da aka sure ta aka gudu a majalisar dattawa a 2018.

Lauya_Ƙarami:
Ita ce dai, daga can muka gado ta, ku ma a Ghana kuna da taku. Abin dariyar shi ne, a Ingila alamar ikon sarki ce a cikin majalisa. Mu mun ajiye sarauniya tun 1963, mun riƙe sandar.

Ɗan_Maraɗi:
Sannunku da hira. Mu a Nijar tarihin Faransa muka fi karantawa, kuma ina ganin zai taimaka a nan. Sarkin Faransa bai buƙaci rabuwa da Roma ba, don tun 1516 François na Ɗaya ya yi yarjejeniya da Fafaroma a Bologna cewa sarki ne zai riƙa zaɓen bishop-bishop. Ya samu abin da Henry ya samu ba tare da ya roƙi wata majalisa ba. Babban taron wakilan ƙasa ya zauna a 1614, bai sake zama ba sai 1789. Louis na Sha Huɗu ya soke dokar Nantes, wadda ta ba Furotesta 'yancin ibada, a 1685, ya haramta Furotesta, da sa hannunsa kaɗai. Don haka ina tare da Malam MaiAlli: ba rabuwa da Fafaroma ce ta ɗaga majalisar Ingila ba, hanyar da aka bi aka rabu ce.

Baban_Hanifa:
Kuma me ya sa aka kira taron a 1789? Baitulmali ya bushe. Ina nan dai inda nake.

Bulus_Wusasa:
Ina so in ja hankali kan wani abu, don na ga ana neman mayar da majalisa jarumar labari. Majalisa ba ta fi sarki sauƙin hali a kan addini ba, sau da yawa ta fi shi tsanani. Ita ce ta hana bikin Kirsimeti a 1647. Da aka dawo da sarauta a 1660, Charles na Biyu ya so a sassauta wa kowa, majalisa ta ƙi. Dokarta ta 1662 ta raba limamai kusan 2,000 da cocinsu don sun ƙi littafin addu'a. Ta 1673 ta hana ɗan Katolika riƙe muƙamin gwamnati. James na Biyu, wanda shi Katolika ne, ya yi shelar sassauci ya ce a karanta a kowace coci, bishop bakwai suka ƙi, ya gurfanar da su, kotu ta sallame su a Yunin 1688, Landan ta kwana tana murna. A wannan karon coci da masu majalisa ne gefe guda, sarki shi kaɗai.

Lauya_Ƙarami:
Gaskiya ne Malam Bulus, sai dai matsalar James ba sassaucin ba ce kaɗai, ikon dakatar da doka ba tare da majalisa ba ne. In ya dakatar da wannan yau, gobe wacce? Ga shi an haifa masa ɗa namiji a wannan watan na Yuni, ma'ana gidan Katolika zai ɗore. Shi ya sa manya bakwai suka gayyato surukinsa William daga Holan, ya sauka da runduna a Nuwamba, James ya tsere Faransa. Dokar 1689 ta ce ba haraji, ba dakatar da doka, ba rundunar dindindin lokacin zaman lafiya, sai da yardar majalisa. Ta 1701 ta ce Katolika ba zai hau gadon sarauta ba. Da wannan aka tsallake dangi wajen hamsin aka ɗauko George daga Hanover ta Jamus a 1714. A 1534 sarki ya zaɓa wa ƙasa addini, a 1701 majalisa ta zaɓa wa sarki.

UwarBiyu:
Wace majalisar ma? Ta masu gonaki. Mace ba ta zaɓe, talaka ba ya zaɓe, ɗan Katolika bai samu shiga ba sai 1829. Ku tambayi mutanen Ailan yadda suka ji da wannan 'yancin da kuke yabo.

Hajjo_Leeds:
Wannan gaskiya ce. Kuma abin bai mutu ba. Har yanzu bishop 26 na da kujera a majalisar iyayen ƙasa, kuma a naɗin Sarki Charles na Uku a Mayun 2023 sai da ya rantse zai kare addinin Furotesta. An gyara doka a 2013, yanzu mai jiran gado zai iya auren Katolika, amma shi kansa ba zai zama ba. Ga kuma wasan wuta na 5 ga Nuwamba, tunawa da 'yan Katolikan da suka so tarwatsa majalisa da sarki da albarushi a 1605. Shekarata ta farko na ɗauka harbi ake yi, na shige ƙarƙashin gado.

Ɗan_Gwale:
To jama'a, yarinya na jira, gobe za ta miƙa aikin. Ni abin da na riƙe: da Catherine ta haifi ɗa namiji ya rayu, da duk wannan bai faru ba. Ku musa.

MaiAlli:
Ta haifa ai, a 1511, ya rayu kwana hamsin da biyu. Amma ko da ya girma, Luther na nan, gonakin coci na nan suna tsole wa sarakuna ido, Sweden da Denmark sun rabu da Roma ba tare da rigimar aure ba. Ka ce wa yarinyar ta fara daga 1529, kada ta fara daga ɗakin amarya.

Baban_Hanifa:
Ta fara daga 1536, Malam, ranar da aka fara auna gona.

Bulus_Wusasa:
Ni da 1549 zan ce, amma na san ba za ku yarda ba.

Ɗan_Gwale:
Shafi ɗaya aka ce ta rubuta fa. Ɗan Maraɗi, turo min sunan garin nan na yarjejeniyar 1516 daidai, ta ce za ta sa shi don malaminsu ya san ta yi bincike.

Ɗan_Maraɗi:
Bologna, a Italiya. Ta kula kada ta rubuta Boulogne, wannan a Faransa yake, kuma shi ne garin da Henry ya ƙone kuɗin gonakin wajen kamawa a 1544.